Littafin makamai da sulke na wasan D&D: a saya ko a bar kuɗin a aljihu?

Tambayar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin mu 'yan tsirarun da ke buga wasan nan a Birnin Kebbi da Argungu ita ce, wai littafin nan na ƙari da ake sayarwa daban, wanda babu komai cikinsa sai takobi da mashi da garkuwa da sulke, ya kai a zare kuɗi a saya? Amsata ga mafi yawanmu a'a ce. Sai dai a'ar tana da dalili, kuma a kowane zama akwai mutum ɗaya da zai iya cin moriyarsa in ya dace da na kirki.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan na zama ne. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tabarma ko tebur, ɗaya shi ke jan labari yana faɗin abin da ke faruwa, sauran kowa ya riƙe jarumi ɗaya da aka rubuta ƙarfinsa da kayansa a takarda, in aka zo wurin da ba a san yadda za ta kaya ba sai a jefa dayis, irin na ludo amma wasu sun fi shi yawan fuska. Wanda ya fi suna shi ne Dungeons & Dragons, D&D a taƙaice, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma asalinsa daga wasan yaƙi ya tsiro, wani mai suna Chainmail na 1971, shi ya sa tun ran gini maganar makami ta cika shi. (Batun dayis da abin da malamai suka ce a kansa babi ne mai zaman kansa, kowa ya tuntuɓi malaminsa, ba shi ya tara mu yau ba.)

To su waɗannan littattafan na ƙari ba yau aka fara su ba. Akwai Arms and Equipment Guide na 1991, aka sake wani da sunan a 2003 don bugu na uku, masu wani wasa irinsa mai suna Pathfinder suka yi nasu Ultimate Equipment a 2012 mai shafi wajen 400, masu wani wasan kuma mai suna GURPS suna da Low-Tech na 2010, ban da ƙananan marubuta da ke zuba nasu a DriveThruRPG, shafin sayar da littattafan wasa a intanet, kullum. Tarkon farko ma a nan yake, kowanne da bugun da aka yi shi dominsa. In kana buga bugu na biyar, wato na 2014 ko gyararrensa na 2024, ka je ka sayo na 2003, lambobin ba za su hau ba, sai ka zauna kana juya su ɗaya bayan ɗaya da hannu, wahalar da ka biya kuɗi don ka guje mata kenan.

Amma ainihin maganar ba nan take ba. Abin dubawa shi ne me makami yake yi a cikin wasan tun farko.

Buɗe babban littafin 'yan wasa na 2014 ka duba jadawalin makamai. Dogon takobi: ana auna ɓarnarsa da dayis mai fuska 8 in da hannu ɗaya, mai fuska 10 in da hannu biyu, farashinsa zinari 15 a kuɗin cikin wasan. Gatarin yaƙi: fuska 8, fuska 10, zinari 10. Gudumar yaƙi: fuska 8, fuska 10, zinari 15, bambancinta kawai ita dukan ƙuje take ba sara ba. Har akwai makamai biyu masu doguwar ƙota, gilef da halbad, da komai nasu ɗaya ne, ɓarna ɗaya, nauyi ɗaya, farashi zinari 20 kowanne, suna ne kawai ya raba su. Kamar mai shayi ne ya rubuta maka suna goma a allo alhali butarsa ɗaya ce a kan wuta. Yanzu in littafin da kake shirin saya abin da zai yi kenan, ya ƙaro maka takubba hamsin daga Japan da Indiya da Farisa kowanne da hoto mai kyau amma ƙarshenta duk fuska 8 ne, wallahi ba ka sayi komai ba sai hotuna. Kai da kanka za ka iya ɗaukar layin dogon takobi ka goge sunan ka rubuta kansakali, ka ɗauki na gatari ka rubuta barandami, kyauta.

Wasu littattafan kuma don su nuna sun kawo sabon abu sai su ƙara lamba, kuma wannan ya fi na farko illa. Lissafin mai sauƙi ne. Ana kai hari da dayis mai fuska 20, don haka duk maki ɗaya da aka ƙara wa kariyar mutum ya rage yiwuwar a same shi da kashi 5 cikin 100. A ce maƙiyi yana da ƙarin 5 a harinsa. Mai sulken zobba kariyarsa 16, sai maƙiyin ya jefa 11 ko sama, rabi da rabi kenan. Mai sulken farantin ƙarfe kariyarsa 18, an koma kashi 40, in ya ɗauki garkuwa ta ƙara masa 2 ya zama 20, saura kashi 30. Ka ga dalilin da ya sa aka tsuga wa sulken faranti zinari 1,500 alhali na zobba 75 ne, so ake jarumi ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya kai can. Sai wani marubuci a ɗakinsa ya ƙirƙiro sulke mai kariya 19 a zinari ɗari biyu wai na wata ƙabila ce ta tsaunuka, shi kenan ya rusa ginin, duk wanda ke teburin sai shi zai saka, sauran sulkunan shafi talatin da ke littafin sun zama ado. Makami ma haka, tsakanin fuska 8 da fuska 10 a matsakaici maki ɗaya ne kawai, 4.5 da 5.5, amma ɗan wasan da ya iya lissafi ba zai taɓa barin maki ɗayan nan ba. Da zarar makami ɗaya ya fi sauran ba tare da wani aibi ba, zaɓi ya mutu.

Ni a wurina ma'aunin guda ne. Littafin ya canza abin da ɗan wasa zai yi in layi ya zo kansa? In da can cewa yake "na sare shi" yanzu ma "na sare shi" yake cewa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. In kuwa yanzu yana tsayawa ya yi tunani, in ture shi cikin ruwa ne ko in kayar da shi ƙasa don na bayana ya samu sarari, to nan an zo wurin.

Kuma abin da ya ƙara kashe kasuwar waɗannan littattafan a idona shi ne kamfanin da ke fitar da wasan da kansa, Wizards of the Coast, ya gane wannan giɓin ya toshe shi a bugun 2024. Sun ba kowane makami wata ƙwarewa tasa. Gatarin yaƙi yana iya kayar da mutum, guduma tana ture shi baya har ƙafa 10, dogon takobi yana raunana harin da maƙiyi zai kawo na gaba, dogon baka yana rage masa sauri. Tagwayen nan ma an raba su, halbad in ta sari ɗaya tana iya wucewa kan na kusa da shi, gilef kuwa ko ka kuskure sai ta ɗan ƙwarzane shi. Wannan shi ne abin da mutane suka shekara goma suna sayen littafin ƙari dominsa, yanzu ga shi cikin babban littafi, kuma ainihin ƙa'idojin kamfanin ya sake su kyauta ta halal a intanet ƙarƙashin lasisin Creative Commons, na tsohon bugu a Janairun 2023, na sabon a 2025. 'Yan Pathfinder ma ƙa'idojinsu da kayan yaƙinsu suna nan a buɗe a shafin Archives of Nethys. Shi ya sa nake mamakin masu yawo da satacciyar PDF a WhatsApp, ga halal a shimfiɗe ka tsallake ka ɗauko haƙƙin wani.

Akwai kuma farashin da ba a rubuta shi a bango, lokaci. Wani ƙanen abokinmu ɗan Jega ya taɓa zuwa zama da wani littafin makamai a wayarsa, an ba shi izini ya gwada. Muna zaure bayan la'asar, ba wuta, kowa na fifita da takardar jaruminsa. An kai wurin da ɓarayi suka tare ayari, layi ya zo kansa, sai ya duƙa kan waya yana ja da yatsa yana buɗa shafi yana matsewa, wai mashinsa yana da ƙa'ida ta daban in maƙiyi na kan doki, wata kuma in ya sa sulke, kuma sai an duba ko a kafaɗa ya same shi ko a cinya. Mai jan labarin ya gaji ya ce, "Ƙanena, mi kaka nema haka? Soke shi mu wuce mana." Ya ce, "Yaya dakata, akwai wani tebur ƙasan wanga." Kafin ya gano teburin wayar ta yi kukan caji, mutum biyu sun fita sayen ruwa, wanda ke gefena ya koma kallon ƙwallo. Sukar mashi ɗaya. Wannan ba sabon ciwo ba ne, littafin 'yan wasa na 1978 yana da wani dogon jadawali da ke auna kowane makami da kowane irin sulke, kuma sananne ne cewa ɗimbin masu wasa tsallake shi suke yi. Mu da zamanmu bai wuce tsakanin la'asar da magariba ba, ko bayan isha'i zuwa lokacin da unguwa ta yi shiru, ba mu da sa'o'in da za mu ɓatar a duba tebur.

Sai kuɗi. Babban littafi mai kauri dala 50 ne babu kaɗan, kuma a 2024 da dala ta haura naira 1,500 kowa ya iya lissafin, dubu saba'in da wani abu kafin a yi maganar kuɗin kawowa daga waje zuwa Legas ko Abuja, sannan a sa a mota zuwa Kebbi. PDF ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ita ma sai katinka ya yarda ya biya da dala, waɗanda suka sha fama lokacin da bankuna suka rufe biyan waje da katin naira sun san zancen. In ka ce za ka buga a shagon kwamfuta, hotunan da suka ja hankalinka sun zama baƙin dabbare. Kuma shawara ta tsakani da Allah, yadda hanyoyinmu suke yanzu musamman in ka nufi wajen Zuru ko ka tsallaka Zamfara, kar ka cusa takardu cike da zanen makamai a jaka ka hau mota, ba ka son dogon bayani a shingen jami'an tsaro.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai, kuma nan ne na fi so mu tsaya. Yawancinmu abin da ya sa muke neman littafin makamai ba wai takubban Turawa sun yi mana kaɗan ba ne, so muke mu buga labari a ƙasarmu, zamanin Kanta da ganuwar Surame, ko yaƙe-yaƙen Gobir da Zamfara da Kabi, sai mu ga jadawalin bai san mu ba. To littafin ƙarin ma mafi yawa bai san mu ba.

Ɗauki lifidi. A wurinmu 'yan lifidi su ne ƙarfin rundunar sarki, doki da mahayi duk an lulluɓe su da riga mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, ga kwalkwali a ka, wani ma da sulke a ciki, har sarauta ce da kanta. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke, wajen ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 15. A D&D kuwa rigar cushe ita ce mafi ƙasƙancin kariya, zinari 5, lamba 11, kayan wanda bai da ko sisi. In ka ɗinka wa dokin yaƙi irinta, ƙa'ida ta ce ka biya ninki huɗu, kariyarsa ta tashi daga 11 zuwa 12. Maki ɗaya tak. Abin da aka yi don ya shanye kibiya kenan fa. Wanda ya rubuta wannan jadawalin jarumin Turai mai farantin ƙarfe ne a ransa, duk sauran matakala ce ta hawa zuwa can.

Dafi kuma abin har dariya yake ba ni. Ɗan baka a ƙasar Hausa talaka ne, dakare ne mai tafiya ƙasa, kuma abin da ya sa ake tsoronsa kibiyarsa da aka shafa wa dafin kwankwani, ko ƙwarzane ta yi an shiga uku. A littafin 2014 kwalbar dafi mafi arha zinari 100 ce, ta fi sulken zobba tsada, kuma ɓarnar da take ƙarawa dayis mai fuska 4 ne, shi ma sai in wanda aka harba ya kasa jurewa, bayan minti ɗaya ta bushe. Da wannan ƙa'idar ba yadda za a yi ka buga abin da ya faru a Tabkin Kwatto a Yunin 1804, inda jama'ar Shehu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, mafi yawansu 'yan baka da dawakai ƙalilan, suka karya rundunar Yunfa mai dawakai da lifidi. A lissafin littafi mahaya ne za su tattake su kowane lokaci.

Na duba irin waɗannan littattafan, in sun tuna da Afirka to wuƙar jifa ce ta tsakiyar nahiyar da gajeren mashin Zulu, an gama. Akwai waɗanda suka yi ƙoƙari na gaske, Nyambe na 2002 da Spears of the Dawn da Kevin Crawford ya rubuta, amma su duniyoyi ne sukutum da aka gina kan Afirka ba jerin makamai ba, kuma in kuɗin na saye ɗaya ne ni gara irinsu. GURPS Low-Tech shi ne wanda na ga ya ɗauki rigar cushe da fata da muhimmanci, yana auna sulke gaɓa-gaɓa, yana rage ɓarna maimakon ya hana a same ka, kuma wasan da dayis uku na ludo ake buga shi, wanda ko a kasuwar unguwa za ka samu. Sai dai wasa ne daban da nasa ƙa'idojin, ba za ka ɗauko shi ka liƙa wa D&D ba.

Abin da ya fi mana amfani bai kai kuɗin mota zuwa Argungu ba. Gidan Tarihin Kanta yana nan, tsohuwar fadar sarki ce, ka shiga ka ga takubba da mashi da kwari da baka da idonka, ka ga tsawonsu, ka ga yadda ƙotar take. Ka tsaya kallon hawan sallah a Gwandu ko Argungu ka lura da yadda doki ke tafiya in an yi masa kaya masu nauyi. Mai son karatu ya nemi littafin Joseph Smaldone na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya yi bayanin dakaru da barade da lifidi dalla-dalla. Daga nan ƙa'ida layi uku ta ishe ka. Mu abin da muke yi, lifidi kariyarsa 14, in kibiya ce ko mashin jifa a ƙara 2, amma in wuta ta kama shi ɓarnar ninki biyu ce, kuma mahayin da ya faɗo sai ya ɓata layinsa guda kafin ya miƙe. Dafi kuwa mun karya farashinsa mun ƙara masa ƙarfi, amma sai wanda ya gaji haɗa shi. Nan da nan faɗa ya canza kama, 'yan baka suka fara neman tudu da duhuwar itace, mahaya suka daina afkawa kai tsaye.

Wani abin ma yana cikin littafin mai jan labari na 2014 tuntuni ba mu kula shi, ƙa'idar tsananin zafi. In zafi ya kai kimanin digiri 38 a ma'auninmu kuma ba ruwan sha, duk sa'a sai an gwada juriyar mutum, mai matsakaici ko babban sulke kuma da naƙasu yake gwadawa. A Turai irin wannan zafin jefi-jefi ne. A Birnin Kebbi watan Afrilu kullum ne. Kunna wannan ƙa'idar kawai ya isa ya sa ɗan wasa ya tsaya tunani kafin ya saka ƙarfe ya bi hanyar Kamba da rana tsaka, haka in labarin ya gangara fadama ko ya hau kwalekwale, mai sulken da ke da nauyin laba 55 ya san ruwa ba abokinsa ba ne.

To wa zai saya? Mai jan labari, shi kaɗai, kuma wanda labarinsa na yaƙi ne zalla, kewaye birni da gwabzawar runduna, wanda ya riga ya tatse abin da ke babban littafi har 'yan wasansa sun fara hamma. Shi ma PDF, kuma kafin ya biya ya buɗe shafukan gwaji da ake nunawa kyauta ya duba bugun da aka rubuta shi dominsa, ya zaɓi makami ɗaya ya ga ko zai iya bayyana ƙa'idarsa da baki a numfashi ɗaya ba tare da ya koma duba waya ba, sannan ya nemi abin da ya fi komai ƙarfi a ciki ya ga ko an ɗora masa wani aibi. In littafin yana da sashen ƙira da gyara, yadda takobi ke dakushewa da nawa maƙeri zai karɓa, wannan ƙari ne mai kyau, don yana haifar da labari a kasuwa ba a fagen fama kaɗai ba.

Ɗan wasa kuwa kar ya saya don kansa da nufin ya zo ya fi kowa, mai jan labari na da ikon cewa ba a teburina ba, kuma yawanci zai faɗa. In duk kun matsu sai an saya, ku yi karo-karo ku biyar, ya zauna hannun mai jan labari, shi zai tsamo abu biyar ko shida ya rubuta su da Hausa a takarda ɗaya ya raba wa kowa kafin a fara zama.